Sitiyarin Tsohuwar Mota: A Duba Ƙashi Kafin a Duba Fata



Zancenmu na yau na mota ne, kuma na wani ɓangare nata da ba a cika kulawa da shi ba, alhali shi ne hannu ke riƙe da shi tun daga fita gida har dawowa. Sitiyari nake nufi, musamman na tsofaffin motocin nan da suka rage a gidajenmu: Fijo 404, Fijo 504, Marsandi ta shekarun 1970, da Volkswagen mai ƙusumbi.

Abin da ya jawo zancen, kwanakin baya na kai gaisuwa wurin wani dattijo a Zariya, abokin mahaifina ne, tsohon malamin makaranta. A ƙarƙashin rumfar gidansa akwai Fijo 404 da ya saya na hannu tun yana saurayi. Har yau tana tashi, kuma da ita yake zuwa masallacin Juma'a. Na tarar da shi da jikansa da wani matashin bakanike sun kewaye ta. Sun zare rigar robar nan da ake sa wa sitiyari, irin wadda ake saya a bakin titi, sai ga tsaga a wuri huɗu, ɗaya ma har ana hango ƙarfen ciki. Bakaniken ya ce, "Baba, wannan ai ya gama aiki. A cire shi a sa maka ƙarami na zamani, mai laushin riƙo." Dattijon ya ɗora tafinsa a kai, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yaro, da wannan na kai kakar wannan yaron asibiti daren da za ta haifi ubansa. Ka fara gaya mini ciwonsa tukuna, kafin ka yi masa jana'iza."

Tambayar Baba ita ce daidai, kuma a kanta nake so mu tsaya.

Sitiyari yana da ƙashi, yana da fata. Ƙashin shi ne zoben ƙarfe da ke ciki, da hannuwan da suka haɗa shi da cibiya, da ita cibiyar mai haƙora wadda ke zama a kan sandar tuƙi. Fatar ita ce abin da aka lulluɓe ƙarfen da shi. A motocin farko katako ne. Daga baya aka koma ga baƙar roba mai tauri, da wani abu da ake kira Bakelite, wanda wani masanin haɗa sinadarai ɗan asalin Beljiyam, Leo Baekeland, ya ƙirƙiro a Amurka a 1907, sannan wasu nau'o'in roba masu sheƙi da launi. Daga shekarun 1970 kuma aka yawaita amfani da roba mai kama da soso, wadda ke lotsawa in an matsa ta.

Me ke tsaga fatar? Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ka ajiye mota a rana cikin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, ka dawo bayan azahar ka ga ko za ka iya ɗora hannu a kan sitiyarin. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi. Roba ma haka, amma ba da gwargwado ɗaya suke yi ba, sai su riƙa jayayya da juna kullum, rana da dare, bazara da hunturu. Ga hasken rana yana ƙona man da ke cikin robar, tana bushewa tana ƙanƙancewa, ƙarfen kuwa yana nan yadda yake. Shekara arba'in ana wannan ja-in-ja, dole wani ya saki, kuma robar ce ke saki. Shi ya sa za ka ga tsagar ta fi fitowa a inda hannuwa suka haɗu da zobe, da kuma kewayen cibiya. Daga nan sai maganar Bahaushe ta tabbata, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gumin hannu da laimar damina su bi ta tsagar su isa ga ƙarfe, tsatsa ta kama, ita kuma tsatsa kumbura take yi, ta ƙara buɗe tsagar daga ciki.

A nan ne nake da ƙorafi a kan rigar sitiyari. Ban ce haramun ce ba. A kan lafiyayyen sitiyari tana kare shi daga rana. Amma a kan mai tsaga, rufa-rufa ce kawai. Tana ɓoye ciwon, tana riƙe laima a ƙarƙashinta, kuma in ta saki tana iya zamewa a hannunka daidai lokacin da kake kauce wa rami ko akuya. Mutum ya shekara goma bai ga sitiyarinsa tsirara ba, bai san abin da yake riƙe da shi ba.

To yaya ake gane wanda zai gyaru da wanda ba zai gyaru ba? Abin da na roƙi bakaniken nan ya yi ke nan a gaban Baba. A tsayar da mota a wuri mai daidai, tayoyin gaba su miƙe. A kama zoben da hannu biyu, a ja gefe ɗaya a tura ɗaya, a hankali. Idan zoben yana motsi daban da hannuwansa, ko ka ji ƙas-ƙas a mahaɗa, walda ta saki a ciki. Sannan a juya shi ana kallonsa daga gefe. Idan yana rawa kamar faifan da ya sha rana, ya lanƙwashe, kuma galibi hakan na nufin motar ta taɓa yin karo har ƙirjin direba ko hannuwansa suka dake shi. Sai a girgiza shi sama da ƙasa a ji ko cibiyar na wasa a kan sanda. In kuwa irin mai soso ne, a murɗa fatar a gani ko tana juyawa a kan ƙarfen kamar hannun riga.

Wani abin lura: sau da yawa mutum zai ce sitiyarinsa ya yi lako-lako, alhali shi sitiyarin lafiyarsa lau. Wasan yana can ƙasa ne, a kawunan sandunan da ke tura tayoyi, ko a robar da ke haɗa sandar tuƙi da akwatin tuƙi, ko a cikin akwatin kansa. Ka canza sitiyari sau goma, wasan yana nan. Bakanike na ƙwarai zai sa yaronsa ya riƙa motsa sitiyarin, shi kuma ya kwanta a ƙarƙashi ya ga inda motsin ke ɓacewa.

Na Baba dai da aka gwada, ƙashinsa garau. Tsatsar da ke cikin babbar tsagar ta sama-sama ce. Irin wannan, ni a ganina, zubar da shi asara ce, kuma rashin sanin darajar abu ne.

Gyaran ba ya buƙatar wani injin Turai. Haƙuri yake buƙata, shi ne kuma ya fi tsada a garejinmu. Da farko a wanke shi sosai da sabulu da abin da ke cire maiƙo, domin shekara da shekaru na gumi da man shafawa sun shige shi, kuma gam ba ya kama wuri mai maiƙo. Sannan a yi abin da zai ba mai mota tsoro: a ƙara buɗe tsagar. A sa magagari ko ƙaramin zarto a fafe ta, bakinta ya yi faɗi, gindinta ya tsuke, har a kai ga ƙarfe. Dalili shi ne siririyar tsaga ba ta karɓar gam, a baki yake tsayawa, ciki kuwa fanko. Wasu ma sukan huda ƙananan ramuka a gefen fafewar don abin cikon ya sami wurin kafa ƙafa. A kankare tsatsar har ƙarfe ya yi fari. Mai wannan aiki ya rufe hancinsa, ƙurar tsohuwar roba ba abin shaƙa ba ce.

Sai ciko. A nan mutane da yawa ke ɓata aikin. Wani zai ɗauko gam ɗin nan mai kamawa nan take, ya zuba yashi ko toka a kai. Yana ƙanƙarewa kamar dutse, amma ba ya jure lanƙwasa ko kaɗan, zafin wata ɗaya ya ishe shi ya fashe. Wani kuma zai ɗebo filar da masu gyaran jikin mota ke shafawa kafin fenti. Ita an yi ta ne don shimfiɗa a kan faffaɗan ƙarfe, ba ta da ƙarfin riƙe abin da ake murɗawa kullum. Abin da ya dace shi ne gam mai haɗi biyu, irin su Araldite, wanda ake cuɗa kashi biyu su zama ɗaya, kuma a nemi mai jinkirin bushewa, ko irinsa mai kauri kamar ƙullu. A dandanna shi cikin tsagar har ya cika ya ɗan yi tozo. In ramin mai zurfi ne, a yi shi hawa-hawa. Sannan a bar shi ya kwana ya wuni. Wanda ya ce zai kawo mota da safe ya karɓa da la'asar, ya san ba gyara ya zo yi ba.

Bayan ya bushe sai gugar samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ana yi ana shafawa da ido a rufe, domin yatsa yana ganin abin da ido ba ya gani. A kula da tudun nan na bayan zobe inda yatsu ke kwanciya, kada a goge su a mayar da wurin sumul. Sai fentin share fage, a sake gugawa, sai fenti na ainihi, siriri-siriri sau da dama, irin mai tauri da ake yi wa jikin mota, wanda gumi ba ya narkarwa. Kuma a mayar masa da launinsa na asali. Baƙi ya koma baƙi, mai ruwan hauren giwa ya koma haka.

Ba zan ɓoye muku ba, ko an yi aikin da kyau, siririn layi na iya sake bayyana bayan wasu shekaru, tunda jayayyar ƙarfe da roba ba ta ƙare ba. Maganinsa inuwa. Rumfa, ko kwali a gilashin gaba, ko tsohon tawul a yafa a kai in za a daɗe a tsaye.

Wanda fatarsa ta yi muni da yawa amma ƙashinsa lafiya, akwai wata hanya da ta fi kusa da mu fiye da kowa, wato a ɗinka masa fata ta gaske. Mu da muke da dukawa da majema a Kano da Sakkwato da Damagaram, mu da fatar jar akuyarmu ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, bai kamata a ce sai mun aika waje an lulluɓe mana sitiyari ba. Badukun da ya iya ɗinka kube da sirdi da linzami, wannan ba zai gagare shi ba. Sai dai a cike tsagar tukuna, a zaɓi fata mai ɗan kauri wadda ba ta zuba, a yanka ta ta ɗan gaza kaɗan don ta kama tam, a shafa gam a ƙarƙashi, a yi ɗinkin ta ciki inda ba zai ci hannu ba. Wannan daban yake da rigar bakin titi, domin ta zama jiki ɗaya da sitiyarin. Shi kuma na katako, in siraran katakon da aka manna suka fara rabuwa, kafinta mai hannu zai iya mayar da su da gam da matsewa, ya goge ya shafa masa mai. In kuwa katakon ya dagargaje ko ya yi tsini, a sauke shi, don ranar haɗari tsinin nan wuƙa ne.

Yanzu bari mu juya ga ɗaya ɓangaren, kuma a nan ba ni da sassauci. Idan ƙashi ya taɓu, zance ya ƙare. Zobe ya lanƙwashe, ko walda ta saki, ko tsatsa ta cinye ƙarfen ya sirance, ko haƙoran cibiya sun gugu, to a canza shi, ko da kuwa na gado ne. Na sha ganin an kai wa mai walda, ya ƙona robar gefe ya ɗiga wuta, ko an sa guduma an miƙar da zobe, ko an cusa guntun gwangwani a cibiya don ta daina wasa. Ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙar ya riga ya gaji. Cibiyar da aka yi wa cushe kuwa, ranar da za ta saki ba za ta yi sallama ba. Taya in ta fashe kana da sitiyari, birki in ya ƙi kana da sitiyari da giya. Sitiyari in ya juya a banza a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, me ya rage a hannunka? Wanda yake ƙaunar na gadon, ya rataye shi a bangon ɗaki, jikoki su gani.

To in za a canza, da wanne? Amsata ita ce a nemo irinsa. Mu a nan Allah ya rufa mana asiri ta fuskar Fijo. Kamfanin da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, an ci gaba da yin ta a Kaduna shekaru masu yawa bayan Faransawa sun daina. A zamaninta ita ce motar gwamnati, ita ce tasi, ita ce motar tasha mai cin mutum bakwai. Saboda haka gawarwakinta suna nan birjik, kuma mai haƙurin yawo a Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, da wuya ya dawo hannu rabbana. Ita kuwa 404, wadda ta girmi 504 da shekara takwas, ta fi wuyar samu, kuma kullum 'yan gwangwan suna ƙara kwashe abin da ya saura zuwa wurin narkarwa. In ka samu, ka yi masa gwajin da muka faɗa tun a gaban mai shago, ka kuma tafi da tsohon don a gwada cibiya da cibiya. Yawan haƙora da kaurin sanda sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani lokaci ma daga shekara zuwa shekara a mota iri ɗaya. Wanda bai shiga da daɗin rai ba, ba nata ba ne, kada a tilasta shi.

Shi kuma ƙaramin na zamani da bakanike ya kawo shawara, bari in faɗi dalilin da ya sa ban goyi baya ba. Ba ƙin ado nake ba. Italiyawa sun yi suna a wannan sana'a, kamfanin Nardi da na Momo sun yi sitiyarin da ake ji da su a duniya, amma don motocin tsere da na wasa aka fara yin su. Abin da ke cika kasuwarmu kuwa yawanci kwaikwayonsu ne, na ƙarfe mai laushi, da mahaɗar cibiya wadda ba a san wanda ya zuba ta ba. Ban da wannan, girman sitiyarin tsohuwar mota lissafi ne. Yawancinsu ba su da na'urar da ke taya direba murɗawa, faɗin zoben shi ne ƙarfinka, kamar yadda doguwar sifana ke kwance notin da gajeruwa ta kasa. Ka sauke mai faɗin santimita 40 ka ɗora mai 33, ƙarfin da za ka sa ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Saurayi ba zai damu ba. Dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, yana son juya mota a lungun Tudun Wada, zai ji a kafaɗarsa. Ga shi ƙaramin yakan tare agogon gudu, ya ɓata wurin oda, ya hana sigina komawa da kanta bayan kwana.

Saura cirewa da ɗorawa, inda garin gyaran gira ake rasa ido. A cire kan batir tukuna saboda wayar oda. A miƙar da tayoyi, a yi alama da fenti ko alli a kan sanda da cibiya don a san yadda za a mayar. Wajen kwance babban notin tsakiya, wani ya riƙe sitiyarin da hannu, kada a jingina da makullin sitiyari, don ɗan ƙarfen makullin karyewa zai yi. In notin ya kwance, kada a cire shi gaba ɗaya, a bar shi a bakin sanda. Cibiyar a matse take, in ta saki da ƙarfi take tahowa, kuma notin nan ne zai hana ta daki mutum a fuska. A yi amfani da abin zaro cibiya mai kusoshi, wanda ke jan ta a hankali. Guduma kuwa a ajiye ta nesa. Tun daga ƙarshen shekarun 1960, bayan kamfanin General Motors ya sa ta a motocinsa na 1967, hukumomin Amurka kuma suka wajabta irin wannan kariya daga 1968, motoci da yawa suna zuwa da sandar tuƙi wadda aka yi ta don ta noƙe in an yi karo, maimakon ta soki ƙirjin direba. Duka da guduma yana iya karya abin da ke riƙe da ita a ciki, ka lalata kariyar ba ka sani ba. A wajen mayarwa, a bi alamar da aka yi, a ɗaure notin gwargwadon yadda littafin motar ya ce, a gwada oda da sigina, a juya sitiyarin ƙarshe zuwa ƙarshe a tsaye, sannan a fita a hankali a layin unguwa kafin a hau babban titi.

Na Baba kwana shida ya yi a hannun bakaniken. Yaron kirki ne, da ya ga ana son aikin da gaske sai shi ma ya zage, har yana kira a waya yana cewa, "Baba, a ƙara mini kwana ɗaya, fentin bai gama shan iska ba." Ranar da aka ɗora, ina wurin. Baba ya shiga ya zauna, ya yi bismillah, ya zagaya zoben da tafinsa sau biyu yana neman inda tsagar take, bai samu ba. Ya leƙo ta taga ya ce wa jikan, "Kai, buɗe mana ƙofa, mu je mu gaida kakarka da shi."